Kwalbar Tumatir a Tsakiyar Sahu

Loretta, mai kai abinci a wani gidan abinci na Toledo, ba ta san sunansa ba, amma ranta na ba ta matarsa ce ta gaji da sauraro ta koro shi. Ƙato ne, tumbinsa a matse tsakanin benci da tebur, yana sanye da koɗaɗɗiyar rigar ƙungiyarsa ta ƙwallon Amurka. Ya kwaso kwalaben gishirin teburan da ke kusa ya jera su sahu, wai su ne masu tsaron gida. A tsakiya ga ƙatuwar kwalbar tumatir, wai ita ce sabon ɗan wasan da aka sayo.

"'Yar'uwa, duba nan," in ji shi. "Tsarinmu na masu zafin nama ne. Wannan buhun, kafin ya juya an wuce shi! Ni da na buga a makaranta..."

"Yallaɓai, kazarka ta huce. Kuma mutane na jiran gishirinsu."

Ya yunƙura zai nuna mata yadda ake juyawa. Tebur ya riƙe shi gam, kwalaben gishiri suka watse, ta tumatir ko gezau.

"To," ta ce, "buhun naka kaɗai ya tsare gida."