Akuyar Kaka a Gidan Tumba

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, a shekarar da na shiga aji uku na firamare, Kakata ta ɗaura wa jar akuyarta igiya ta miƙo mini, ta ce in wuce gaba. Hanya cike take da shanu da raƙuma da baburan da ke tahowa daga Ƙwanni, sai na zaci kasuwa za mu kai ta, har yawuna ya fara tsinkewa don alewar da zan samu. Amma Kaka ta karkata ta shiga lungun bayan gidanmu, ta yi sallama a ƙofar Tumba. Tumba maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, da surfe da daka a gidajen mutane take ciyar da su. Kaka ta ɗaure akuyar a gindin wata 'yar bedi, ta ce ta ba ta kiwo: abin da akuyar ta fara haifa a gidan na Tumba ne, idan aka yaye 'ya'yan sai uwar ta wuce gidan wata mai buƙata. Haka ta saba yi, kuma wannan ne gida na huɗu da akuyar ta shiga. Tumba ta durƙusa tana godiya har Kaka ta gaji, ta ce ta tashi kada ta tara mata jama'a.

A gidanmu na lokacin ba a san wani abu wai shi zubarwa ba. Ƙanzo a jiƙa shi da safe a ci da ƙuli. Toka a wanke tukwane da ita. Gwangwanin madara ya koma ma'aunin gishiri, idan ya yi tsatsa ya koma fitila. Ƙwarya ta tsage a kai wa mai ɗinki, ta dawo da tabo ta ci gaba da aiki. Tsohon zane ya zama majanyi, daga nan gammo, daga nan tsumman sauke tukunya. Abin da ya tsira daga duk wannan sai ya tafi juji, kuma kafin ruwan fari jakuna su kwashe jujin zuwa gonarmu ta Garu. Kaka takan ce, "Abin da baki yaƙ ƙi, akwiya na so, abin da akwiya taƙ ƙi, gona na jira." Mu jikoki muna ce mata marowaciya, muna cewa ko gashin kanta ya faɗi sai ta nemo masa aiki. Ita kuwa ko a jikinta.

Ni aka ɗora wa ciyar da akuyar, domin Tumba ba ta dawowa daga aikatau sai gab da magariba. Kowace la'asar in ɗauki ƙwarya cike da dusa da ɓawon dankali da ragowar tuwo, in zaga lungu in kai. Ban da lalaci irin nawa, tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Amma la'asar ita ce lokacin carafke da gaɗa a ƙofar gida, kuma kafin in je in jira akuya ta cinye in dawo da ƙwarya, an raba wasa ba ni. A shekarun ne leda ta fara yawa a garinmu. Babana ɗan kasuwa ne, yana shigo da taliya da sukari ta kan iyaka, kayansa kuma suna zuwa a wasu ledoji masu ruwan ɗorawa da rubutun Faransanci, waɗanda a unguwarmu gidanmu kaɗai ake samunsu. Wata rana dabara ta faɗo mini. Katangar bayan ɗakin girkinmu ita ce ta gidan Tumba. Na juye dusar a leda, na ƙulle, na hau turmi na wurga. Ina jin akuyar ta yi kanta, na sauka na ruga wajen wasa, ina ganin duk Illela babu mai wayona.

Na yi wata da watanni ina haka. Babu wanda ya taɓa gaya mini leda tana kisa, ina jin a lokacin ko manya ba su sani ba. Na dai san Kaka ƙwarya ta ba ni, shi ya sa nake ɓoye ƙwaryar a bayan rumbu sai na gama wasa.

Akuyar ta ɗauki ciki, Tumba ta shiga murna. Tana cewa idan Allah ya sa tagwaye ne, ɗaya za ta bari ta hayayyafa, ɗaya ta sayar ta kama sana'ar ƙosai ta huta da taɓarya, don ƙirjinta ya fara ciwo. Sai dai ciki yana girma, akuya tana ramewa. Gashinta ya tashi, ta daina tuƙa, a ba ta harawa ta sansana ta kau da kai. Aka ba ta kanwa, aka ba ta jiƙo, aka kira wani Bafulatani ya matsa cikin ya ce shi bai san wannan ciwon ba. Wata safiya ta kasa tashi, aka kira mahauci ya yanka ta kafin ta zama mushe.

Ina tsaye a wurin aka farke ta. 'Ya'ya biyu ne a cikinta. Da mahaucin ya tsaga tumbin sai ya jawo wani ƙulli mai wari, ya kai girman kan jariri, ya sa wuƙa yana warwarewa. Leda ce zalla, ta cure ta yi tauri, kuma ko a cikin ƙazantar ana ganin ruwan ɗorawar. Idon Kaka ya riga ya yi rauni, ba ta ga launi ba, ta dai ji mata suna cewa leda ce, ta tambaya, "Mi yak kai leda bakin turke?" Tumba ta ɗago ta dube ni. Ta sha tsintar yagaggun ledojin nan a tsakar gidanta, ta san ta inda suke faɗowa. Na jira ta faɗa. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Laihina ne, Inna. Ban iya kiwo ba."

Sai da na girma na gane dalilinta. Wadda take ci a gidanku ba ta nuna ɗiyarku da yatsa a gaban mutane. Ni da nake da bakin magana na yi shiru, don tsoron bulala biyu ko uku.

Magana ta zaga unguwa cewa an ba Tumba amana ta yi sakaci. Babana ya ce daga yau an daina ba da kiwo, kowa ya riƙe dabbarsa. Matar da ke jiran akuyar bayan Tumba ba ta samu komai ba. Tumba kanta ta rage shigowa gidanmu, kunya ta hana ta, daga baya ta kwashe yaranta ta koma wajen ɗan'uwanta a Gidan Katta. Kaka ta rasu tana ganin ta yi zaɓen tumun dare.

Yau ba sai yarinya ta hau turmi ba. Leda tana kan kowace ƙaya, ta toshe kowane magudanin ruwa, iska tana kai ta har bakin turke. Manoma sun daina rububin juji, don rabinsa ba ya ruɓewa. Mahauta sun saba ciro ƙullin, ba mai tsayawa kallo. Ina wanke leda in shanya in sake amfani da ita, ina zuwa cefane da kwando, 'ya'yana suna dariya suna cewa Kaka ta dawo. Ban ga abin da hakan ya rage ba. Shago ɗaya a bakin iyaka yana rabar da ledar da ta fi wadda nake tanadi a shekara kafin azahar. Kuma ban san gida ko ɗaya a unguwarmu da ake ba wata akuya kiwo ba.

Na yi shekaru ina cewa zan je Gidan Katta in faɗa wa Tumba gaskiya da bakina, ko da yake ta sani. Bara na shirya na je. Ɗanta ya fito ya karɓe ni da mutunci, ya ce ai ta yi shekara uku da rasuwa, ciwon ƙirji ne, kuma tana daka har ƙarshe. Ya tambaye ni ko da saƙo. Na ce babu, gaisuwa ce kawai.

Ko a ranar ma ban faɗa ba.