Ƙwaryar da Kakana Ya Ɗaga

A ɗakin Babana na unguwar Karantina da ke Jidda akwai wata ƙwarya da ba a cin komai a cikinta. Baƙa ce, ta sha hannu har tana sheƙi, an ɗinke tsagewar bakinta da zare. A saman akwati take zaune, bakinta sama. Wata rana mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta jiƙa tsamiya a ciki, sai da Baba ya wuni ba ya amsa mata magana sai da ka. Ni kuwa tun ina yarinya na tsani ƙwaryar nan, don duk baƙon da ya tambayi labarinta, Baba zai ɗauko shi tun daga tushe, shayinmu ya huce ke nan.

Ta kakana ce. Wankin zinariya yake yi a wani rafi can ƙasar Birnin Gwari, zamanin Turawa. Da rani su haƙa rami a gefen rafin, su kwaso ƙasa, su yi ta juya ta a ƙwarya cikin ruwa har ƙwayoyin zinariya su kwanta a gindi. Da an yi ruwan shuka kowa ya koma gona. Kafin mutum ya tafi sai ya kife ƙwaryarsa a bakin raminsa, ya ɗora mata dutse. Shi ke nan, rami ya yi mai shi. Ko ɓarawon akuya ba ya taɓa ramin da aka kife wa ƙwarya. Amma idan mai ita ya ɗaga ta da hannunsa ya tafi da ita, to ya saki ramin, wanda ya so ya shiga.

Wata shekara suka dawo bayan girbi suka tarar an kakkafa turakun siminti a bakin rafi. Aka ce gwamnati ta sayar wa wani kamfanin Turawa da wurin, wai ƙasar gwamnati ce, tunda masu awo sun zo da damina ba su ga kowa ba. Dattawa suka tafi wurin Di'o, Baturen da ke riƙe da yankin. Ta bakin tafinta ya tambaye su shaidar cewa wurin nasu ne. Suka ce ƙorensu na can a kife. Ya ce shi bai ga komai ba. Su kuwa bayin Allah, da zuciya ɗaya suka koma rafi, kowa ya ɗago tasa, suka jera a ƙofar ofis.

Bature ya leƙo ya duba, ya ce ai ƙwarya ce irin ta kasuwa. Wannan bai yi wa kakana ciwo sosai ba. Abin da ya ci shi shi ne helman kamfanin, wato shugaban lebura, ɗan garinsu da ya san al'ada, ya zagaya ƙauyuka yana cewa masu ramuka sun ɗaga ƙorensu da hannunsu. Mutanen da a da ko an roƙe su ba za su taka ramin wani ba suka shiga yi wa kamfani lebura, kuma babu mai ganin laifinsu. Kakana ya yi ta safa da marwa tsakanin ƙauye da ofis har ya gaji, daga baya ya kwashi iyalinsa ya yi gabas. A nan Jidda ya rasu, ƙwarya na gefensa.

Rigimar ba ta rasu tare da shi ba. Har yau jikokin ƙanensa suna haƙa a rafin nan, jami'ai suna zuwa suna korarsu, wai wurin sayayye ne tun zamanin Turawa, yanzu ya koma hannun wani kamfanin. Wani ɗan'uwanmu ya taɓa aiko da saƙon murya, wai a ba alhazai ƙwaryar su kai gida a nuna wa jami'ai. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Gaya masa ta taɓa zuwa ofis, ba ta ji daɗin tarbar ba."

Sai ga shekarar da aka zo rushe Karantina. Aka bi bangaye da jan fenti, aka ba da wa'adi. Mijina ya samo mana ɗaki biyu wajen unguwar Balad, muka kwashe kaya. Baba ya ce shi ba inda za shi. Maƙwabta suka tattara, aka yanke wuta, mai burodin lungunmu ɗan Cadi ya rufe, tsoho yana zaune a kan darduma da carbinsa, ga ciwon suga, ga zafin Jidda babu fanka. Kullum in hau tasi in kai masa abinci in dawo ina haɗiye kuka. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, don iƙamarsa, takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa, kuma ba na so a fito da shi da ƙarfi a gaban jama'a.

Rannan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ya Baba, halas, ya isa haka mana. Ɗakin nan ma haya ne, ba naka ba ne."

Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "a nan aka haife ki, a nan aka yi wa uwarki wanka. In ba nawa ba ne, na wa ne?"

Sai na hau ninke masa riguna cikin fushi. Ya bar ni ina yi. Can ya miƙe, ya sauko da ƙwaryar daga kan akwati, ya goge ta da gefen rigarsa. Na buɗe jaka don ya saka, ya wuce ni. A bakin ƙofa ya durƙusa da ƙyar, ya kife ta a kan dokin ƙofa, ya ce in miƙo masa ɓarin bulo. Na miƙa, ya ɗora mata.

Na ce, "Baba, katafila za ta bi ta kanta fa."

Ya ce, "Na sani. Su ne za su ɗaga, ba ni ba. Yalla, mu tafi, riƙe mini sandata."

Ƙwaryar da na yi shekaru ina fatan ta fashe, ranar na so in koma in ɗauko ta. Hannuna yana cikin nasa, ban iya ba. Muka taka a hankali har bakin titi, bai waiwaya ba.

Bayan wasu watanni na bi ta wurin a mota. Fili ne fetal, ko inda masallacin lungunmu yake ban gane ba. Ban gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba. Yanzu yana zaune da mu a Balad, yana ta ƙorafin tsanin bene. Jikokinsa, waɗanda Hausarsu ta fi ƙarfi a kunne, sukan tsokane shi da Larabci su ce ina ne gidansa. Sai ya ce yana da ɗaki a Karantina, ya ɗan zo nan ne ya ga uwarsa.