Ƙafar da Na Kai Maƙabarta

Ni na kai ƙafar yayana maƙabarta. Ciwon suga ne ya ci ta, daga ɗan gyambon da ya raina har likitoci suka ce ko a yanke ta daga ƙasan gwiwa, ko ta tafi da mai ita. Da aka fito da shi daga tiyata aka miƙo mini ita a naɗe. Na ƙara mata farin ƙyalle, na tari keke, na ɗora ta a cinya. Mai keken ya ce, "Alhaji, a sa kayan a baya?" Na ce ya bari, ba ta saba zaman baya ba. Masu haƙa suka yi mata ɗan rami kusa da katanga, na kwantar da ita a miƙe, muka rufe. Ba a yi mata salla ba, kamar yadda Yaya da bakinsa ya sha karantar da mutane.

Yaya malamin zaure ne a Badarawa. Ɗalibansa manya ne, yawanci ma'aikatan gwamnati da ke biyowa bayan la'asar da littattafan fiƙihu a hammata. Ni kuwa labarin ƙasa na koyar a sakandare har na yi ritaya, na zauna a Unguwar Shanu ina gyara wa jaridu kuskure a zuci. Tun ina saurayi yake kirana Ticha, da muryar da ke nuna cewa wannan ma ilimi ne, amma na rancen kwana biyu.

Dungulmin ya warke sumul. Likitan da ya yi aikin har yana kiran abokansa su zo su ga ɗinki. Sai ƙafar da babu ta fara ciwo.

"Ka san zaman tahiya," in ji Yaya, ran da ya fara gaya mini. "Ƙafar dama a kafe, babban yatsa a lanƙwashe a ƙasa. To haka take. Kamar na bi liman mai dogon tahiya, ina jira ya sallame, ya ƙi."

Ya nuna mini wurin da ciwon yake. Tabarma ce kawai a wurin.

An gwada abin da ake gwadawa. Ƙwayoyin kashe zafi suka shiga suka fita ba su gaisa da ciwon ba. Ya yi wa kansa tofi, ya sha rubutun hannunsa. Wani ɗalibi ya kawo man zaitun. Matarsa, wadda nake kira Hajiya kuma muke wasan ƙanin miji da ita tun tana amarya, ta tsaya da kwalbar a hannu ta ce, "Malam, a ina zan shafa? A tabarma?"

Abin da ya fi damunsa shi ne karatu. Yana tsakiyar fassara sai ciwon ya murɗo, fuskarsa ta yamutse, ɗalibai su sunkuyar da kai don kunya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koya wa jama'a babin haƙuri bai iya jure a gan shi haka ba. Ya rufe zauren.

Cikin masu zuwa dubiya wata tsohuwa ta ce ai abin a fili yake: an binne ƙafar a lanƙwashe ne, sai an tono an miƙar da ita mai ita zai huta. Da a da ne, da Yaya ya sallame ta da murmushi da ruwan sanyi. Wannan karon ya saurare ta har ƙarshe. Bayan kwanaki, muna zaune a tsakar gida da hantsi, ya ce, "Ticha, yaya ka kwantar da ita?"

"A miƙe, Yaya."

"Ka duba yatsun?"

"A naɗe take. Ban buɗe ba."

Ya ce, "Na san babu wannan a littafi. Ni na koyar da littafin. Amma kai kaɗai ka san wurin. Ka je ka duba mini."

Ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Amma na san abin da ƙasar damina ke yi wa nama. Na kuma san in na tono, ciwon bai tafi ba, to ya rasa ƙafa, ya rasa zaure, ya kuma saɓa wa abin da ya sani a banza. Na roƙe shi ya bari mu je ganin likita na gaba tukuna. Ya ce, "Daga nan sai maƙabarta."

A sashen gashin ƙashi muka samu wata likita mai fara'a da saurin magana. Ta saurari zancen tahiya har ƙarshe ba ta yi dariya ba, wanda hakan ya sa Yaya ya gyara zama.

"Baba, ba kai kaɗai ba ne," in ji ta. "Da yawa cikin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin ta, har da ciwo. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin kowace gaɓa. Ƙafar ta tafi, wurinta yana nan yana jiran labari."

Nan take na gane, don na yi rayuwata a gaban tsohuwar taswira. A ajin da na fi daɗewa akwai wata a bango mai ɗauke da ƙasashen da suka riga suka rushe, kuma duk shekara sai wani yaro ya kwafe su a jarrabawa da kyakkyawan rubutu. Na faɗi haka. Yaya ya ce, "To, Ticha ya samu aji."

Likitar ta ce a da an ɗauki ciwo kamar ƙararrawar makaranta: rauni ya ja igiya, ƙwaƙwalwa ta ji. Masu bincike sun gano cewa ciwon da ya daɗe yana iya kaɗawa ba tare da kowa ya taɓa igiyar ba. Bakin jijiyar da aka yanke yakan riƙa aika saƙo shi kaɗai. Lakar baya takan koyi kururuta ɗan abu kaɗan. Ƙwaƙwalwa kuma ga ta da tsohuwar taswira. Wanne ya fi laifi a ciki, har yanzu malaman abin ba su daidaita ba. Yaya ya ji daɗin wannan. Ya ce ashe su ma suna da saɓanin malamai.

Ta sauya masa magani zuwa na ciwon jijiya, sannan ta ce mu samo dogon madubi. A tsayar da shi tsakanin ƙafafunsa, dungulmin a ɓoye a baya, ya riƙa motsa ƙafar hagu yana kallon hotonta kamar ita ce ta dama. "Ido yakan gaya wa ƙwaƙwalwa abin da ta ƙi ji daga wani wuri. Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. Ba na yi maka alkawari, Baba."

"Madubi," in ji Yaya a hanya. "Da furfurata. Sai ka ce amarya."

Dogon madubi ɗaya ne a gidan, na jikin ƙofar sif ɗin Hajiya. Na kwance ƙofar gaba ɗaya. Tana tsaye tana cewa, "Ƙanin miji, ka gama da tukunyata, yanzu ka shigo ɗaki. In ka fasa shi, sai ka sayo mini da kuɗin fansho, in sun biya ku."

Kullum da hantsi ina zuwa in riƙe ƙofar sif, Yaya a kan kujera yana wasa da yatsun hagu. Kwana da kwanaki babu abin da ya canza. Ya ce ƙafar madubin kyakkyawa ce, amma ba tasa ba ce: ita tana rawa, tasa tana durƙushe. Na fara tunanin inda zan ari shebur.

Wata safiya ya tsaya cak. "Ticha, mun yi kuskure. Wanda ke tahiya ba a ce masa ya tashi ya yi gudu. Daga inda yake ake fara masa."

Ya ɗaga dugadugin hagu, ya kafa babban yatsa a ƙasa ya lanƙwasa shi, daidai yadda yake jin na dama. Ya kalli madubi. Fuskarsa ta canza. "Ga ta nan," ya ce a hankali. Ya zauna a haka gwargwadon tahiya ɗaya. Wani jirgi daga wajen Mando ya wuce ta samanmu, bai ɗaga kai ba. Sannan, sannu a hankali, ya saukar da dugadugin, ya shimfiɗa tafin a ƙasa, ya baje yatsun.

Ya fitar da dogon numfashi. Hajiya ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

"Liman ya sallame?" ta ce.

"Ya sallame."

Ba zan yi ƙarya ba, kafin magariba ciwon ya dawo. Washegari ya sake yi, ya sake lafawa. A hankali tazarar ta riƙa tsawo. Har yau in hadari ya haɗo yakan ji yatsan ya kafe, ya sa a jawo masa madubi. Ko madubin ne ya yi aikin, ko sabon maganin, ko lokaci, ban sani ba. Likitar ma da na tambaye ta cewa ta yi da ta sani da ta rubuta littafi.

Ran da aka sake share zauren, ɗalibai suka cika shi har bakin ƙofa. Kafin ya fita gare su, yana gyara sandunansa, na ce, "Yaya, batun maƙabarta fa?"

Bai waiwayo ba. "Bar ta ta huta, Ticha. Ka kwantar da ita daidai."

Sif ɗin Hajiya har yanzu ba ƙofa. Ta rataya masa zane.