Kunkunniyar Gidajen Burodi Ta Raba Ni da Kiran Salla

Edita, lokacin da wannan abu ya faro ni magidanci ne a Gumel, da damina ina gona, da rani ina zaman jiran abin da Allah zai kawo. Abu ɗaya nake tinƙaho da shi, murya. Ni ne ladanin masallacin unguwarmu, kuma ko an ɗauke wuta lasifika ta yi shiru, in na hau dakali na ɗaga murya sai an jiyo ni har bakin tasha. Tsofaffin matan unguwa kan ce da kirana suke sanin lokacin sauke tukunya. Wallahi maganar nan tana fasa mini kai.

Sana'ar sharar kunkunniya kuwa da wasa ta zo. Wani maƙwabcina mai gidan burodi ne hayaƙi ya riƙa dawo masa ɗaki, burodinsa yana fitowa da ƙauri. Da yake ni siriri ne kuma ba na tsoron hawa, sai ya roƙe ni in leƙa masa bututun hayaƙin tanderunsa. Na tarar kunkunniya ta toshe shi tam. Na ɗaura tsintsiyar kaba a bakin dogon gora na yi ta zungura, baƙin gari yana zubowa, ina tsaye a cikinsa ina dariya. Washegari wutarsa ta ci lafiya lau. Kafin rani ya fita labarina ya kai Maigatari, inda nake zuwa bayan an ci kasuwa an bar tanderu ya huce, daga nan sai Gagarawa da Sule Tankarkar. In kira asuba, in ɗaure gorana a babur, in dawo kafin magariba.

Kai, na ji daɗin shekarun nan! In na sauko daga kan rufi, haƙora da ido kaɗai ake gani, masu kwaɓa fulawa su yi ta tsokanata wai ladan ya shiga tukunya. Sai mai gidan burodin ya aika wurin mai shayi a kawo madarar gwangwani, a haɗa mini da burodi mai zafi, mu zauna a gindin darbejiya ana hira da direbobin Nijar. Dukkanmu mun yarda cewa duk wanda ya yi aikin ƙura, in ya sha madara ta wanke masa ƙirji tas. Haka muka taso muka ji, ba wanda ya taɓa tambayar ta ina take bi.

Mai ɗakina ce kaɗai ba ta yarda ba. Ita ke wanke mini kaya, ita ke ganin abin da nake tofarwa. Ta ninka tsohuwar atamfarta ta ɗinka mini takunkumi, ta ce in ba don kaina ba, ko don masallaci in rufe hancina. Ranar farko da na sa shi a Maigatari aka kwashe da dariya, wani ya ce yau amarya aka kawo musu. Na cire na cusa a aljihu. Da ta yi ƙorafi na ce mata ai na sha madara, ta daina damuna.

Tari ya fara a hankali, na ce mura ce. Murya ta soma dishewa, na yi ta shan zuma da citta. Wata magariba ina tsakiyar kira numfashina ya yanke, tari ya turnuƙe ni har na durƙusa, wani dattijo daga sahu ya taso ya ƙarasa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjina, likitan ya tambayi sana'ata, na gaya masa har da zancen madarar. Bai yi dariya ba. Ya ce madara ciki take tafiya, kunkunniya kuma huhu, ba su taɓa haɗuwa ba ko sau ɗaya. Ya ce za a lallaɓa abin da ya rage, amma wanda ya lalace ba zai dawo ba.

Yanzu wani ne ke kira a masallacinmu, ni kuma ina sahun gaba ina amsawa a hankali. Ba na zagin sana'ar, ta ciyar da iyalina, kuma har yau in na ji ƙamshin burodin safe sai zuciyata ta tafi Maigatari. Amma ina roƙon duk mai shiga hayaƙi ko ƙura, mai injin niƙa ne ko mai gawayi, ya rufe hancinsa ya bar masu dariya su yi ta yi, domin ranar da numfashi ya ƙi ba za su ara maka nasu ba. Kwanan baya mai ɗakina tana gyaran akwati ta ciro tsohuwar rigar aikina. Takunkumin yana nan a aljihu, ko dauɗa bai yi ba. Ta ninke shi ta mayar, daidai lokacin da aka fara kiran la'asar.