Kofin da Kika Cika

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris, Allah Ya karɓi ran Dakta Sayyora Ergasheva a gidanta da ke Tashkent, tana da shekara sittin da ɗaya.

Sayyora-opa, yayata a wurin aiki, shekara goma sha huɗu na yi a ɗakin gwajinki. Ke kika koya mini gyaran furotin ɗin nan mai manne wa ƙwayar jikin da ta fara mutuwa, da yadda ake ɗaura masa sinadarin teknetiyam mai haskawa a hoton asibiti ba tare da an lalata shi ba. In aka yi wa mai ciwon daji allurarsa, ƙarin ya haska a hoto, to magani ya kama, ciwon na mutuwa. Mutane da yawa ta hannunki suka sami wannan albishir.

Ba kya wasa da lokaci, don duk awa shida rabin ƙarfin teknetiyam ke tafiya. Ranar da na tsaya gyara kallabi kika ce, "Nodira, amarya ce ke? Wannan fa ba ya jiran kwalliya." Gaskiya na ji haushi. Amma da an kai allura asibiti sai ki zaunar da mu, ki gutsura burodi, ki zuba wa kowa shayi rabin kofi, kamar yadda muke yi wa baƙon da ba ma so ya tashi.

Bara ciwon ya zo kanki. Ni na haɗa allurarki, ina roƙon Allah hoton ya haska. Bai haska ba. Kika daɗe kina dubansa, sannan kika ce, "Haɗinki ya yi kyau, ƙanwata. Maganin ne bai kama ba." A wannan halin ma hankalina kika fara kwantarwa.

A zuwana na ƙarshe duba ki na ƙi tashi, alhali mutum uku na jiran in haɗa musu allura. Kika sa aka miƙo miki butar shayi, kika cika mini kofi har baki. Tun da na san ki ba ki taɓa sallamata haka ba. Na sha, na fita ina kuka. Ranar nan biyu daga cikinsu hotonsu ya haska, kuma ban sake ganinki ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Mijinki Ilhom-aka da 'ya'yanki Feruza da Otabek, Allah Ya ba su haƙurin rashinki, mu ma Ya ba mu. Amin.