Fiton Makokin Kakana

Har yau in na wuce inda aka shanya tsiron dawa, ƙafata takan rage sauri. Ƙamshin ba wani daɗi ne da shi ba, tsami-tsami ne da ɗan zaƙi, amma yana mayar da ni gidan kakata ta wajen uwa a unguwar Tishigu, inda manyan tukwane ke jere a ƙarƙashin rumfar kwano.

Kada ka yi mamaki. Mu Musulmi ne, a Sabonjida aka haife ni, Baba goro yake sayarwa. Mma, mahaifiyata, ita ce ta musulunta kafin aurensu, iyayenta suka zauna a kan addininsu. Kaka kuwa sana'arta dafa fito, giyar dawa. Ba ma sha, ba ma taɓawa. In mun je gaisuwa, Baba a bakin ƙofa yake tsayawa.

Cikin damina kakana ya rasu, ni da Mma muka tare a gidan. A al'adarsu, in dangin mamaci sun taho daga ƙauye da fito ake tarbarsu. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta dafa, ta tace, ta bari ya huce, ta zuba busasshiyar kumfar tsohon fito da take ajiyewa don tayar da sabo. Ya soma motsi, kumfa na ɗan fashewa a sama. Sai ruwan sama ya tsinke ya ƙi ɗaukewa, gari ya ɗauki sanyi, tukwanen suka yi tsit.

Kaka ta tsoma yatsa ta lasa.

"Zaƙi kawai," ta ce. "Tukunya ya kwanta."

Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ta jawo kujera ta zauna tana kallon ruwan da ke zuba daga bakin kwano. Baƙi kuwa suna hanya.

Ƙanwar kakana, wadda ta riga sauran isowa, ta leƙa tukwanen ta ce mamaci ne ya ƙi karɓa, da fushin 'yarsa da ta musulunta ya tafi. A gaban Mma ta faɗa. Mma tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba.

Da Baba ya zo da hantsi, Mma ta yi masa magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Ya juya babur ya tafi. Can sai ga shi a jiƙe, da buhun gawayi da tsofaffin buhunan goro. Ya tsallake ƙofar nan, ya wuce har rumfa.

"Mma, a ina zan ajiye?" ya tambayi surukarsa.

Ta nuna da haɓa. Ya hura gawayi a kurfoti kusa da tukwanen, ya naɗe cikinsu da buhuna, bai leƙa ko ɗaya ba. Ya wanke hannu ya tafi masallaci. Mma ta yafa mayafi ta shiga ruwa, ta dawo da ƙwarya a rufe, sabuwar kumfa daga gidan wata mai fito. Kaka ta zuba, ta motsa tun daga ƙasa da muciya.

Washegari ƙananan tukwanen suka tashi. Babbar cikinsu ta ƙi, aka zubar da ita a kwata. Baƙi suka sha abin da ya samu, bai isa ba, suka koma. Wadda ta yi maganar ba ta janye ba. Kaka ba ta sake dafa fito ba.

Yanzu a Jisonayili nake. Gidan Tishigu an sayar, shagon waya ne a wurin. Kwanan baya maƙwabcina, wani Kirista mai haɗa giyar laga a bokitin roba don kansa, yake ƙorafin tasa ta tsaya, ta yi sanyi da yawa a firji. Na ce ya ɗan ɗumama ta, ya motsa, ya ƙara sabon yis.

Ya yi dariya. "Alhaji, ina ka san wannan?"

Na ce na taɓa gani.

Na daɗe ina so in tambayi Baba abin da ya shigar da shi rumfar nan. Kullum sai in ce wata rana. Bara muka kai shi makwancinsa.