Babban Yatsan Sajan Abel

A Dabai ta ƙasar Zuru aka haifi Abel, a gidan manoma dawa. Karatunsa bai wuce firamare ba. Da ya tasa, ya ga Rebecca ɗiyar Baba Japhet, sai ya shiga golmo kamar yadda samarin ƙasarmu suke yi, wato noman da saurayi yake yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Abel ya yi bakwai cif. A golmo ba a cewa an gaji. Garma ta sare ka, ka ci gaba da huɗa. Kunama ta harbe ka, ka taka ta ka wuce, don idon gidan surukai yana kanka. Wannan tarbiyya ya ɗauka ya shiga soja da ita, can ma ya tarar ita ake so.

Ya yi shekara goma sha shida a soja, huɗu daga ciki a Borno. Ya dawo Zuru da igiyar sajan da ɗan guntun ƙarfe a cinyarsa ta hagu. Abin da ya gani a can bai faɗa wa kowa ba. Sai dai ba ya zama ya ba ƙofa baya, ba ya cin gasasshen nama, kuma ko tukunya ce ta faɗi sai ka ga gumi ya keto masa. In an tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: “Lafiya lau.”

Wata ranar kasuwa yana riƙe da hannun ɗiyarsa Leah, mai shekara tara, tayar wata babbar mota ta fashe. Kafin mutane su waiwaya, Abel ya jefa yarinyar cikin kwata ya danne ta da jikinsa. Sai da maza uku suka ɓanɓare shi. Hannun Leah ya karye.

Bayan an yi ɗori, Baba Japhet ya zo da kansa, ya ce wa Rebecca ta haɗa kayanta da na yarinya. Bai ɗaga murya ba.

“Abel, me yake damunka?”

“Lafiya lau, Baba.”

“To. Suna Dabai har sai lafiya lau ɗin nan ta bar ka.”

Wata takwas Abel yana zaune shi kaɗai. An yi masa addu'a a coci, ya sha saiwoyi, ya sha ƙwayoyin asibiti da suke sa shi kasala. Daga baya ƙanwarsa Dinah, wadda take aikin nas a Abuja, ta kira shi. Ta ce akwai wata likita a can mai duba irin wannan ciwon firgita da yake bin wanda ya ga tashin hankali. Akwai wata na'ura da ake ɗora wa mutum a kai, maganaɗisu ne a cikinta, yana taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ya yi sanyi. Ba a yanka, ba a sa barci. Ta ce ba kowa take yi wa aiki ba, amma ya zo a gwada.

“Ni ba mahaukaci ba ne,” in ji Abel.

“Na sani, Yaya. Kai mai lafiya ne da matarsa take gidan ubanta. Ka hau mota ranar Litinin.”

Ya hau.

Likitar, Dakta Khairunnisa, ta fara da tambayarsa ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ya nuna cinya. Ta ce wannan ya yi nisa da kai, ba zai hana ba. Ta zaunar da shi a kujera, ta ba shi abin toshe kunne, ta ɗora masa wani abu kamar faifai biyu a haɗe a gefen kansa, ta ce ya ajiye hannu a gwiwa. Ta danna. Abel ya ji ƙas, kamar an ɗan ƙwanƙwashe shi. Ta dubi hannunsa, bai motsa ba. Ta ƙara ƙarfi, ta matsar da faifan kaɗan, ta sake dannawa. Shiru. Ta sake ƙarawa. Har ta fara duba wayoyin na'urar ko wani ya kwance.

Dinah ce ta lura. Jijiyoyin hannun yayanta duk sun tashi, ya matse babban yatsansa a jikin gwiwa kamar wanda yake riƙe da ƙotar garma.

“Yaya, me kake yi haka?”

“Ina zaune.”

“Saki yatsan nan. Nan ba gonar Baba Japhet ba ce, ba wanda zai hana ka mata.” Ta juya ga likita. “Dakta, ki yi haƙuri. Mutanenmu ne. Ya ji yatsan yana son motsi, shi ne ya danne shi, kada a ce ya ji zafi.”

Dakta Khairunnisa ta ajiye faifan, ta jawo kujera ta zauna a gabansa.

“Oga Sajan, motsin nan nake nema. Kan kowa da irin ƙarfin da yake ɗauka. In yatsanka ya motsa, a nan nake gane naka. In ka ɓoye mini, zan ba ka abin da ya fi ƙarfinka, kuma hakan yana da haɗari.”

“Wato so kike in yi rawar jiki a gabanki.”

“Yatsa ɗaya kawai. Sauran jikin ka riƙe abinka.”

Abel ya ce a rayuwarsa ba a taɓa ba shi umarni mai wuya kamar wannan ba. Sun yi kusan rabin awa. Ya saki hannu, da likita ta kai yatsa ga maɓalli sai ya sake matsewa. Dinah ta kama hannun ta yi ta kaɗa shi kamar tsumma, tana yi masa tsiya da yarensu. Can dai likita ta danna, babban yatsan ya yi tsalle shi kaɗai. Abel ya tsaya yana kallonsa kamar na wani.

“Ban sa shi ba,” ya ce.

“Na sani,” in ji likita, tana rubutu. “Ashe ma ƙarfi kaɗan kake bukata.”

Washegari aka fara magani sosai. Na'urar tana bugawa a jere, ta tsaya, ta sake. Duk da toshin kunne, ƙarar ta yi masa kama da abin da ya sani a Borno. Da a da ne, zai cije har a gama. Wannan karon ya ɗaga hannu ya ce, “Dakta, ƙarar nan tana mayar da ni wani wuri.” Ta kashe. Ta ce daga yau shi zai riƙa cewa a fara, shi zai ce a tsaya. Ta kuma haɗa shi da wani ma'aikacinsu da yake zama da shi sau ɗaya a mako, su yi magana a kan wurin nan.

Kwana biyar a mako, mako shida. Makon farko ciwon kai kawai ya samu. A mako na huɗu Dinah ta dawo daga aiki ta tarar da shi a bakin titi wajen mai tsire, ya ba hanya baya, yana faɗa a kan an cika masa yaji. Ta sa hannu ta ɗauki yanka biyu.

Da ya dawo gida, kwana ɗaya ya yi ya ari babur ya nufi Dabai. Ya tarar da Baba Japhet a gindin ɗorawa yana gyaran ƙota. Ya durƙusa ya gaishe shi.

“An ce sun sa maka maganaɗisu a kai. Allura tana manne maka yanzu?”

“Ba a gwada ba tukuna, Baba.”

“To, yaya jikin?”



“Da sauƙi sosai. Amma bai tafi duka ba. Wani lokaci yana zuwa, sai in ji ƙirjina yana bugawa. In ya zo zan gaya wa Rebecca, in kuma ya yi yawa zan koma wurin likita. Tsoro ne, Baba. Tsoro nake ji tun daga Borno.”

Tsohon ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa har ya gama. Sannan ya ɗaga kai ya kira wajen gida.

“Rebecca, fito da kayanki. Mijinki ya zo.”

Leah ce ta riga fitowa. Ta tsaya nesa kaɗan tana kallon ubanta, sannan ta zo ta hau gaban babur ta kama madubi. Rebecca ta fito da ƙullin kaya da kwandon kaji huɗu, ta ce ba za ta bar wa matan ƙannenta ko ɗaya ba. Aka ɗaure kwandon a baya.

“Baban Leah, an ce ka bar rufin madafata ya zube.”

“Gefe ɗaya ne.”

“Gefe ɗaya. Tuƙa mu je in gani.”

Yau shekara biyu ke nan. Abel yana noman dawa da wake a hanyar Dabai, ya koma Abuja sau ɗaya, na mako guda. Leah ta shiga sakandare, shi yake kai ta makaranta kullum da safe.